Ɗaukar Hoton Karkara da Inuwar Ruwa a Lokacin Faɗuwar Rana: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta maimaituwa a bakin masu sha'awar ɗaukar hoto, musamman waɗanda suka taɓa tsayawa bakin tafki da yamma, suka ga sama ta yi ja, ruwa ya kwafe ta tsaf, suka ɗaga waya suka danna, sannan suka tarar abin da ya fito ko kusa bai kai abin da ido ya gani ba. Na jera su daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi. Duk inda na ce inuwa, ina nufin siffar bishiya ko gajimare ko mutum da ake gani a cikin ruwa, kamar a madubi.

1. Dole ne sai da babbar kyamara, ko wayata ta isa?

Wayarka ta isa ka fara, kuma za ta kai ka nesa. Ko Tecno ce ko Infinix ko Redmi ko Samsung ko iPhone, in dai tana bari ka rage haske da hannunka, za ta yi aiki. Akwai ma inda waya ta fi babbar kyamara sauƙi: za ka iya kifa ta, idonta ya dawo ƙasa, ka sauke ta har ta kusa taɓa ruwa, wanda shi ne babban sirrin wannan aiki kamar yadda za ka gani a tambaya ta 7.

Babbar kyamara tana nuna fifikonta ne bayan rana ta shige, lokacin da haske ya yi ƙaranci, da kuma in kana son jawo abu na nesa, kamar garken shanu a ƙetaren ruwa. Kafin ka kai ga sayenta, ka fara da goge idon kyamarar wayarka da kyalle mai laushi duk lokacin da za ka ɗauka. Maiƙon yatsa da ƙurar aljihu su ne ke sa rana ta fito da wani dishi-dishi a kewayenta.

2. Da ƙarfe nawa ya kamata in isa wurin?

Da ka idar da sallar la'asar, ka kama hanya. A ƙasarmu rana ba ta jan ƙafa. Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka rana tana gangarowa ne kusan a miƙe, tana sauka kimanin digiri ɗaya a duk minti huɗu. Hasken nan mai ruwan zinariya da ake yabo bai wuce kusan rabin awa ba kafin faɗuwa. Ita kanta ranar, daga lokacin da gindinta ya taɓa ƙasa zuwa ɓacewarta, minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi ne. Bayan nan kana da kamar minti 20 zuwa 25 kafin duhu ya fara rufewa. A Ingila, cikin watan Yuni, wannan haske na bayan faɗuwa yana wuce minti 40, shi ya sa shawarar da ake karantawa daga can takan yaudari namu.

A Kano rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6:00 a watan Nuwamba, ta riƙa jinkirtawa har zuwa dab da ƙarfe 7:00 a watan Yuli. Sakkwato tana bayan Kano da kusan minti 13, Yamai da kusan minti 25, Maiduguri kuma tana gabanta da kusan minti 18. Ba sai ka haddace ba, jadawalin sallah da ke wayarka ya ba ka lokacin magariba na garinku, shi ne lokacin faɗuwar. In kuma kana fili, miƙa hannunka sosai ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne. In dunƙule ɗaya ya rage tsakanin rana da ƙasa, saura minti 40 ke nan.

3. Wane lokaci na shekara ya fi ba da launi?

A wurina, daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Oktoba. Ja da ruwan goro da ake gani da yamma suna faruwa ne saboda hasken rana yana ratso iska mai kauri sosai kafin ya iso gare mu, shuɗin da ke cikinsa ya warwatse a hanya, jan ya tsira. Amma jan nan yana bukatar abin da zai sauka a kai, wato gajimare. Sama wayam takan ba da ja ɗan kaɗan a ƙasa-ƙasa, shi ke nan. Da damina kuwa akwai gajimare, ruwan sama ya wanke ƙura, tafkuna da kududdufai sun cika maƙil. Yammacin da ya fi kowanne shi ne wanda aka yi ruwa da azahar, hadari ya wuce, yamma ta buɗe ɗan tsagi a ƙasa. Rana takan leƙo ta tsagin ta haska cikin gajimare daga ƙasa. A irin wannan rana ka waiga gabas, domin can bakan gizo yake fitowa da yamma.

Kaka tana da nata kyan. Ruwa bai janye ba tukuna, gero da dawa sun nuna, an fara ɗaure dami, ciyawa tana komawa ruwan ƙasa. Da bazara ruwa yakan ja baya ya bar laka ta tsattsage, kuma wannan tsattsagewar kanta abin sakawa ce a gaban hoto. Hunturu na ware masa tambaya ta gaba.

4. In hazo ya sauko, akwai amfanin fita?

Akwai, sai dai ka canza abin da kake nema. Ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke Chadi, takan haɗiye rana tun ba ta kai ƙasa ba. Wanda ya jira minti biyar na ƙarshe zai tarar babu ranar ma gaba ɗaya. Sai ka riga ta: lokacin da ta rage dunƙule ɗaya ko biyu, takan zama kamar faifai, fari ko ruwan ƙwai, ba ta kashe ido, kuma inuwarta takan fito a ruwa da'ira guda. Bishiyoyi kuma sukan jeru hawa-hawa, na kusa baƙi, na tsakiya toka-toka, na nesa kamar hayaƙi. Wannan zurfin damina ba ta da shi.

Ƙurar abokiyar gabar kayan aiki ce. Kada ka cire gilashin babbar kyamara a fili, ka canza shi cikin mota ko cikin jaka. In za ka goge, fara hure ƙurar, domin shafa kyalle a kan tsakuwar hazo yana karce gilashi.

5. A ina zan sami ruwan da ya dace?

Fara da wanda ke bayan garinku. Kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, ko ruwan da ya kwanta a hanyar gona bayan an ɗauke ruwan sama, ya fi babban dam saurin lafawa, domin iska ba ta da filin da za ta tayar masa da igiya. Gonakin shinkafa da aka cika da ruwa ana shirin dashe, irin na Kura da Kadawa, madubai ne jere-jere, kowanne da kunyarsa.

In kana son fili mai faɗi, akwai madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da Bagauda kusa da ita, da Challawa a wajen Ƙaraye, da Zobe a Dutsin-Ma, da Goronyo a kan gulbin Rima, da Dadin Kowa a Gombe, da tafkin Kainji wanda aka tare tun 1968. Dausayin Haɗeja da Nguru daban yake, saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai su yi hunturu a can, ga kirinjijiya da dinya da zalɓe. Matsalarsa kacala, wadda ta cinye bakin ruwa a wurare da yawa, sai ka nemi mashigar da masunta suka share. A Nijar akwai tafkin Madarumfa a kudu da Maraɗi da na Tabalak a hanyar Tawa zuwa Agadas. A Yamai kuwa babban gari yana gaɓar da in ka tsaya kana kallon ƙetaren kogi, yamma kake fuskanta, rana ta faɗa maka a bayan ruwa. Kafin ka nufi ko ɗaya daga cikinsu, karanta tambaya ta 14 da ta 16.

6. Ta wane gefen ruwa zan tsaya?

In ranar kanta kake so a cikin ruwa, tsaya a gaɓar gabas ka fuskanci yamma. Duk abin da ke tsakaninka da ita zai fito baƙi, siffarsa kawai. Amma mutane da yawa ba su san cewa inuwa mafi tsabta tana bayansu ba. Idan ka tsaya a gaɓar yamma ka ba rana baya, haskenta yana dukan bishiyoyi da katangun ƙasa da rumbuna na ƙetare, ruwan da ke gabanka kuma ya riga ya shiga duhun gaɓa. Abu mai haske a kan ruwa mai duhu, nan ne inuwa ke fitowa da launinta cikakke. Ni nakan fara da fuskantar gabas tun rana na da sauran ƙarfi, in koma fuskantar yamma a minti goma na ƙarshe.

Ka kuma sani rana ba wuri ɗaya take faɗuwa ba. Wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba ne take sauka yamma sak. A Yuni takan karkata arewa da kusan digiri 24, a Disamba ta karkata kudu da kusan haka. Giginyar da rana ta faɗi a bayanta da damina, da hunturu za ka tarar ta bar ta can gefe.

7. Ina ganin inuwa da idona, amma a hoto sai ruwan ya fito kamar kunu. Me ke jawo haka?

Tsayuwarka ce. Ruwa ba madubi ba ne ta kowace fuska. In ka leƙa shi daga sama kai tsaye, kashi 2 cikin 100 kacal na haske yake mayarwa, sauran ya shige ciki, shi ya sa kake ganin laka da ciyawar ƙasa. Duk yadda ka sauko da idonka ya kusa yin daidai da fuskar ruwan, haka abin da yake mayarwa ke ƙaruwa, har ya kusa zama madubi sosai. Saboda haka ruwan da ke nesa da kai kullum ya fi na gindin ƙafarka nuna sama.

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Tsuguna, kifa wayar idonta ya koma ƙasa, ka sauke ta zuwa kamu ɗaya ko ƙasa da haka daga ruwa. A haka, ɗan ruwan da bai fi faɗin tabarma ba zai cika rabin hoto kamar tafki, jan ruwan kududdufi kuma ya daina nuna jansa ya koma nuna sama. Ranar da na fara gwada wannan a wani ruwa da ya kwanta a kan burtali, na ɗauki kuka ɗaya sau biyu, a tsaye da a tsugune. Na farko taɓo ne da sawun shanu. Na biyu kukar ce biyu, ɗaya a sama ɗaya a kife, da gajimare a ƙarƙashinta. Tun daga ranar ban sake ɗaukar ruwa a tsaye ba sai da dalili.

Wani abin lura: inuwa ba kwafin abin da ke sama ba ce daidai wa daida. Tana nuna abu kamar daga ƙarƙashin ruwa kake kallonsa, shi ya sa za ka ga cikin reshe ko cikin saniya a inuwa alhali ba ka ganinsu a sama. Tudun da ke can baya kuma yana iya ɓacewa daga inuwar gaba ɗaya in ka tsaya a wuri mai tsayi.

8. Iska tana kaɗa ruwan, inuwar tana wargajewa. Yaya zan yi?

Da farko ka jira. Sau da yawa iskar yini takan lafa dab da faɗuwar rana, ko da na 'yan mintuna ne. Ka nemi lungun da gaɓa ko ciyawa ta tare iska, ko tsakanin ganyen bado, inda ruwa ke kwanciya ko da tsakiyar tafki na motsi. Kada kuma ka tayar da shi da kanka, taku ɗaya a ciki yana aika zobba har minti guda.

In ya ƙi kwanciya, hanya biyu ce. Ko ka karɓe shi a yadda yake: ƙananan igiyoyi su ne ke mayar da rana doguwar hanya ta zinariya daga ƙetare har gabanka, kuma kwale-kwale in ya ratsa wannan hanya, ka sami hoto. Ko kuma ka bar kyamara a buɗe na daƙiƙa 2 zuwa 30, motsin ya narke, ruwan ya yi sumul kamar an shafe shi. Siffofi ba za su fito da kaifi ba, amma launi zai kwanta. Wannan sai da abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, ko aƙalla dutse ko buhun yashi, kuma ka sa ta ƙirga daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka don kada taɓawarka ta girgiza ta. In haske ya yi yawa, duba tambaya ta 13.

9. Me ya sa ko dai sama ta fito fari fat, ko ƙasa ta fito baƙi ƙirin?

Idon ɗan Adam yana iya ganin haske mai ƙarfi da duhu a lokaci ɗaya, kyamara ba ta kai shi ba, dole ta zaɓi ɗaya. Kai za ka zaɓa mata, kuma ka zaɓi sama. Taɓa allon a wurin da ke da haske kusa da rana, ka danne har ya kulle, sannan ka ja alamar hasken ƙasa sai launi ya dawo. Abin da ya yi duhu ana iya ɗago shi wajen gyara, amma abin da ya ƙone ya yi fari ya tafi ke nan.

Ruwa yana taimaka maka a nan, tunda rabin hoton na ƙasa shi ma hasken sama yake ɗauke da shi. Duk da haka inuwa kullum ta fi samar da take kwafa ɗan duhu, haka Allah ya yi ta. HDR na waya yana haɗa hotuna da yawa don cike wannan giɓi, yana kuma da amfani in babu abin da ke motsi. A babbar kyamara ka ɗauki uku, ɗaya daidai, ɗaya mai duhu, ɗaya mai haske, ka haɗa su daga baya.

10. Sama ja ce, amma wayata ta mayar da ita fari-fari ko shuɗi-shuɗi.

Wayar tana ɗaukar jan a matsayin kuskure ne, tana ƙoƙarin gyara maka. Shiga Pro, wato sashen kyamarar waya da kake saita komai da hannunka, ka nemi WB, saitin da ke daidaita launin haske, ka cire shi daga kan zaɓin kansa. Sa shi a alamar rana, wato wajen 5500K a ma'aunin launin haske, ko alamar gajimare, wajen 6500K, in kana son ƙarin ɗumi. In wayar tana da wani saiti da ke gane wuri ya ƙara masa launi da kansa, kashe shi, yakan mayar da ruwan goro ya koma kamar lemon kwalba.

11. Wane saiti zan yi amfani da shi, kuma a ina zan sa fokas?

A babbar kyamara da aka ɗora a kan ƙafa uku: ISO, wato saitin ƙara wa hoto haske, a kan 100, ƙofar haske f/8 zuwa f/11, ka bar tsawon buɗewa ya bi yadda haske yake. In kana son rana ta fito da tsinkaye kamar tauraro, rufe zuwa f/16 ka bar ta ta leƙo ta gefen ganye ko kututture. In a hannu kake riƙe, ko akwai shanu ko tsuntsaye masu motsi, ɗaga ISO zuwa 400 ko 800 don tsawon buɗewa ya zama 1/250 na daƙiƙa ko mafi sauri. A waya ƙofar haske yawanci a kafe take, ISO da tsawon buɗewa kawai kake juyawa. Ka riƙe ISO ƙasa iya yadda za ka iya, in akwai RAW, wato ajiye hoto ɗanye don ya fi karɓar gyara, ka kunna, kuma kada ka ja allo da yatsu biyu don jawo abu, yawanci yanka hoton kawai take yi ta hura shi.

Zancen fokas, wato inda kyamara ke sa hoto ya fito da kaifi, yana rikita mutane. Inuwar bishiyar da ke nesa da kai, ko da ka gan ta a ruwan da ke gaban ƙafarka, a wurin kyamara nesa take, kamar bishiyar kanta. In ka sa fokas a kan ganyen da ke yawo a fuskar ruwa, inuwar za ta yi dishi-dishi. Taɓa bishiyar, ko inuwarta, ka kulle a nan.

12. Yaya zan tsara hoton? An ce kada a sa layin gaɓa a tsakiya.

Wannan ƙa'ida tana da kyau a sauran hotuna, amma in ruwa ya kwanta sosai, tsakiyar ita ce daidai, sama da ƙasa su yi tagwaye. In ruwan na motsi ko samar ta fi kyau, ba ta kashi biyu cikin uku. Abin da ba a yafewa shi ne karkata. Ruwa ba ya kwanciya a karkace, ido kuma nan take yake ganewa. Kunna layukan raga na allo ka daidaita gaɓa da su.

Jan sama kaɗai ba ya riƙe mai kallo, sai da wani abu da zai ce nan wuri kaza ne. Tunda komai baƙi zai fito, nemi mai siffar da ake ganewa daga nesa: giginya da tsayuwarta, goruba mai rassa biyu-biyu, kuka da hunturu bayan ta zubar da ganye, rumbu da hularsa, jigo a bakin lambu, masunci yana jefa birgi, ƙahonin shanu in sun gangaro shan ruwa. Gawo da damina tsirara yake, sai rani yake yin ganye, don haka shi ne ke ba ka rassa zalla a lokacin da sama ta fi kyau. Ka tabbata siffofin ba su hau kan juna ba. Saniya biyu da suka haɗu a hoto sun zama dunƙulen baƙi, kan mutum in ya faɗa cikin duhun gaɓa ya ɓace. Ka jira su rabu, ko ka matsa taku biyu. Balbelu kuma kusan hanya ɗaya suke bi kowace yamma zuwa bishiyar da suke kwana, in ka lura da su yau, gobe ka san inda za ka jira su.

13. Gilasan da ake ɗaura wa kyamara, CPL da ND, ina bukatarsu?

CPL aikinsa na asali kashe ƙyallin ruwa ne, don a ga abin da ke ciki. In ka juya shi ba da lura ba zai share maka inuwar da ka zo nema, musamman a ruwan da ke kusa da kai. Yana da amfani in kana son duwatsun ƙarƙashin ruwa su fito a gaba, inuwa ta rage a can nesa. In kana fuskantar rana kai tsaye, cire shi. ND kuwa duhu kawai yake ƙarawa don ka iya barin kyamara a buɗe na daƙiƙoƙi tun da sauran haske, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 8. In ba ka da shi, jira minti goma bayan faɗuwa, duhun zai zo kyauta.

14. Zan iya ɗaukar mutanen da na tarar a bakin ruwa?

Sai da izininsu, ko da baƙar siffarsu ce kawai za ta fito. Wurin da kai ka gani a matsayin abin hoto, wurin neman abincin wasu ne da wankinsu da wankansu. Yi sallama, ka gaisa, ka faɗi abin da ya kawo ka. In baƙo ne kai a garin, fara da gidan mai unguwa ko dagaci, in wurin masunta ne ka nemi sarkin ruwa. Matambayi ba ya ɓata, kuma su ne za su gaya maka inda ruwa ke kwanciya da lokacin da shanu ke saukowa. Mashayar da mata ke ɗiban ruwa ko wanki, da inda yara ke wanka, ka kawar da kyamararka gaba ɗaya. Makiyayi ma ka tambaye shi kafin ka nuna dabbobinsa, mutane da yawa ba sa son a yaɗa hoton dukiyarsu, kuma a wannan zamani suna da hujja.

In ka ɗauka, nuna musu. In ka sake dawowa, wanko hoton ka kawo. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ganin wanda ya sauko daga mota, ya ɗauki dattijo a cikin kwale-kwalensa ba ko sannu, ya juya ya tafi. Wanda ya zo bayansa shi ke tarar da fuska a ɗaure. Jikin madatsar ruwa da gadoji da wuraren jami'an tsaro kuwa, sai ka nemi izinin masu gadi, jirgi marar matuƙi kuma a Najeriya sai da takardar izinin hukuma.

15. Rana ta faɗi, an kira magariba. In tattara in tafi?

Ka yi sallarka, amma kada ka riga ka naɗe kaya. Sau da yawa launi mafi ƙarfi yana zuwa ne minti 10 zuwa 15 bayan rana ta shige, lokacin da take haska gajimare na can sama daga ƙarƙashi, jan shafaƙi ya bazu, iska kuma ta kwanta. Ni nakan je da alwala da darduma, in ɗora kyamara a saitinta, in yi raka'a uku a nan gaɓa, sau da yawa tare da masunta ko manoman da suka taso. Ina sallamewa nakan tarar sama ta canza kama.

Kalandar Musulunci ma abokiyar aiki ce. A daren 2 ko 3 ga wata, jinjirin wata yana yamma a saman shafaƙi, wani lokaci da Zara a kusa da shi, su duka biyun a cikin ruwa. A ranar 13 ko 14 kuma wata yana fitowa ta gabas kusan lokacin da rana ke faɗuwa, da sauran hasken da zai nuna gonaki.

16. Waɗanne haɗura zan kiyaye?

Na farko hanya. Akwai yankunan karkara da a yanzu ba a kai magariba a cikinsu, wasu daga cikin madatsun da na ambata ma suna irin waɗannan wurare. Tambayi mutanen garin a ranar da za ka je, kada ka dogara da labarin bara, kada ka tafi kai kaɗai, kuma ka gaya wa na gida inda kake. In an ce kada ka je, kududdufin unguwa yana nan.

Na biyu ruwan kansa. Ruwa mai kwanciya da ciyawa shi ne gidan ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya, wadda ke shiga ta fata, don haka kada ka tsoma ƙafa ba takalmin roba dogo. Almuru lokacin sauro ne da fitowar macizai, sa riga mai dogon hannu da takalmi rufaffe, ka riƙe tocila don komawa. Dadin Kowa da sassan kogin Neja akwai dorina, wadda da yamma take fitowa kiwo, kada ka kuskura ka shiga tsakaninta da ruwa. In za ka hau kwale-kwale, sa rigar kariya, ka sauka kafin duhu. Wayar da za ka kifa a kan ruwa ka ɗaura mata igiya a wuyan hannu. Idonka kuma, kada ka leƙa rana ta ramin leƙe na babbar kyamara in ka ɗaura gilashi mai jawo nesa, yi amfani da allo.

17. Wane gyara ya kamata in yi, kuma me ya sa hoton ke lalacewa in na tura?

Manhajojin gyaran hoto na waya, Snapseed ko Lightroom, sun wadatar. Fara da miƙe gaɓa, sannan ka rage wuraren da haske ya yi yawa, ka ɗan ɗago duhu ba tare da ka kore shi duka ba, domin in babu duhu ba yamma ba ce. Ka tsare abin da aka faɗa a tambaya ta 9, inuwa ta zauna ta fi sama ɗan duhu. In ka haska ta har ta fi samar, duk wanda ya taso kusa da ruwa zai ji wani abu bai yi daidai ba, ko da bai iya faɗin mene ne ba. Launi kuma ka ƙara kaɗan, ka ajiye wayar minti biyar, ka dawo ka duba, yawanci za ka rage.

Sama mai launi da ke sauyawa a hankali ita ce ta fi shan wahala in manhaja ta matse hoto, sai ka ga ta yi zara-zara kamar an yi mata matakala. A WhatsApp ka zaɓi HD, ko ka tura shi a matsayin fayil. Na asalin kuma ka adana shi a wani wuri daban, ka rubuta masa sunan wurin da kwanan wata da ƙarfe nawa, don baɗi war haka ka san gaɓar da za ka tsaya da bishiyar da rana za ta faɗi a bayanta.